Ranar da Arzika Ya Shiga Daji Babu Gora

An haifi Arzika a wani ƙaramin gungu, wato tsibiri, a tsakiyar kogin Kwara, ƙasa da Yelwa ta wajen Ngaski. Gidaje goma sha bakwai ne a kansa, jirage ashirin da uku. Daga ƙofar ɗakin Innarsa zuwa bakin ruwa taku talatin ne ta gabas, arba'in ta yamma. Ban auna da ƙafata ba, don lokacin da na san shi gungun yana ƙarƙashin tabki, amma na tambaye shi sau uku a shekaru dabam-dabam, bai taɓa sauya lissafin ba.

Da rani albasa suke nomawa a gaɓa, sauran shekara su kama kifi. Shekarar da aka sami 'yancin kai yana da goma sha takwas. Abin da ya riƙe na ranar shi ne ya kai kwando tara na busasshen kifi kasuwar Yelwa, ya tarar da 'yan makaranta suna ta kaɗa tutoci, babu mai kallon kifi. Ya ci tuwon biki har gida biyu, ya komo da kayansa.

A 1968 aka gama madatsar Kainji, ruwa ya hau, aka kwashe mutanen gungun zuwa sababbin gidajen siminti a gaɓar tabki. Ƙasar wurin tsakuwa ce, albasa ta ƙi. Tabkin kuma ba kogin da ya sani ba ne: ga faɗi, ga igiya, ga kututturan itatuwa a ƙarƙashi suna yaga taru. A shekara huɗu ya yi asarar taru goma sha ɗaya. Wansa Mamuda tuni ya tafi kamun kifi a tabkin Chadi, yana ta aiko masa saƙo ya biyo shi. A farkon 1972 Arzika ya amsa cewa in damina ta faɗi bai sami abin yi ba, zai tafi, ya bar Inna da matarsa Hansatu da 'ya'ya uku. Ba ya son tafiyar ko kaɗan. Sai ga sanarwa cewa gandun dajin gwamnati da ke ƙetaren tabki, wanda daga baya ya zama gandun daji na ƙasa, yana neman masu gadi biyar.

A nan na shigo labarin. Sunana Bello, ɗan Yelwa, lokacin ina da shekara ashirin da biyu, na gama firamare, ina neman duk aikin da ke da kaki. A bakin tabki na haɗu da shi, ina neman mai ƙetarar da ni, ashe wuri ɗaya za mu. Na uku a jirgin wani dogon Bafillace ne, Hammadu, daga wajen Shanga, wanda ciwo ya kashe wa shanu. Tun da jirgi ya bar gaɓa Hammadu ya rungume gorarsa, ya rufe ido, yana ta salati. Arzika na tuƙi yana tsokanarsa, wai ya buɗe ido ya ga inda shanu ba su taɓa kiwo ba. Hammadu ya ce masa ya bari dai su taka ƙasa, za a ga namiji.

Da muka sauka, Arzika ya ɗaure jirgi wurin wani masunci da ya sani, amma ya ƙi barin gwangwalarsa, doguwar sandar da ake tura jirgi da ita a wuri mara zurfi. Kamu bakwai ce, na auna. Ya ce ta mahaifinsa ce, ba a barin ta hannun kowa. Haka muka hau motar gandun daji, sandar na leƙe ta baya.

Washegari bayan asuba mu goma sha huɗu muka jeru a gaban shugaban masu gadi, wani tsohon soja gajere mai suna Saje Basiru. Ya ce jarrabawar ɗaya ce: zagayen sintiri na duwatsu shida, mil ashirin da ɗaya, hanya an shafa mata farin fenti a jikin duwatsu da itatuwa, ta tashi daga nan ta dawo nan. Wanda rana ta faɗi bai iso ba ya faɗi. Ba mai shan ruwan wani. Ma'aikacinsa Yusha'u zai biyo baya da jaki da jarka biyu, duk wanda ya sha na jarka ya fita. Biyar ɗin farko su ne ma'aikata.

Da gangan ba a faɗa wa kowa abin da zai zo da shi ba, Saje yana son ya ga yadda kowa ke shirin shiga daji. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba kaya. Ni gora biyu na zo da su da ƙuli-ƙuli. Hammadu gora ɗaya babba da fura. Da ya zo kan Arzika sai ya tarar da busasshen kifi guda takwas, albasa huɗu, gwangwala, da ƙaramin ƙoƙo rataye a ƙugu.

"Ina gorarka?"

Arzika ya nuna ƙoƙon. "Ga wanga, ranka shi daɗe. In na ji ƙishi sai in ɗiba."

"Ka ɗiba a ina?"

"A hanya mana."

Ba wauta ba ce. Mutumin nan shekararsa talatin, bai taɓa yin tafiyar da ba a kan ruwa ba. In ƙishi ya kama shi, hannu kawai yake miƙawa gefen jirgi. A duniyarsa ana ɗaukar abinci, ana ɗaukar wuta, amma ɗaukar ruwa a kai wa ruwa, wannan bai taɓa gani ba. Hansatu ma da ta haɗa masa guzurin 'yar gungu ce, don haka kuskuren na mutum biyu ne.

Saje ya dube shi sama da ƙasa, ya wuce. Babu gorar aro a sansanin. Na ja Arzika wurin randa na ce ya sha iya cikinsa, ya sha ƙoƙo uku yana mamakin damuwata. Ƙarfe shida da minti goma aka busa usur.

Ni ina da dabarata. Na zuba tsakuwa hamsin a aljihun dama, duk taku dubu in mayar da ɗaya aljihun hagu. Dutsen farko bai wahalar da kowa ba. A samansa muka hango tabki yana sheƙi can nesa, Arzika ya nuna mini shi da sanda kamar mai cewa ka gani, ga ruwa nan. A gangare muka tayar da garken mariya, dangin barewa, goma sha tara, suka tsallake hanya a gabanmu. Hammadu kuwa tuni ya saɓa sanda a kafaɗa yana tafiyar nan tasu ta Fulani, kamar ba sauri yake ba, amma ba ka cim masa. Da zai wuce mu ya ce wa Arzika, "Sarkin Ruwa, a tuƙa a hankali, akwai igiya a gaba."

Wurin hawa Arzika ba shi da matsala, ƙarfinsa a hannu yake. Sai ya kafa gwangwala a sama ya ja jikinsa kamar mai haye ruwa mai gudu. Wurin sauka ne gwiwoyinsa suka fara rawa, don ba su taɓa sanin wannan aikin ba. Ga sandar na sarƙewa a rassan marke. Sau ashirin da shida na tsaya ina taya shi zare ta. A dutse na biyu birai suka jeru a kan falale suna kallonsa, ya gaishe su da yaren mutanen gungu, ya ce ko su sun fi shi sanin abin da suke yi a nan.

Tsakuwa goma sha biyar sun koma hagu lokacin da ya fara tambayata ko kogin na da sauran nisa. Na ce babu kogi. Ya ce ba ya yiwuwa, ƙasa mai faɗin nan a ce babu kogi. Ya ci kifi biyu don ya sami ƙarfi, gishirin ya ƙara masa ƙishi. Ya tauna albasa ɗanya, ta ɗan jiƙa masa baki. Watan Maris ne, zafin bazara ya kai inda yake kaiwa, ga tsando na cizo ta cikin riga. Kafin mu gama dutse na uku leɓensa ya yi fari, ya daina wasa da birai.

Yusha'u mai jaki ba mugu ba ne, amma ya iya aikinsa. Yana biye da mu a hankali, yana girgiza jarka don a ji motsin ruwa, yana cewa duk mai bukata ya yi magana, babu kunya a ciki. Kafin azahar mutum shida sun sha sun zauna a inuwa. Na duba gaba da baya, na miƙa wa Arzika gorata ta gefe, na ce ya kurɓa sau ɗaya, ba mai gani. Ya ture ta da bayan hannu, ya ce in aka kama mu, mu biyu za a kora, shi ya tafi Chadi ni in koma zaman kasuwa, to wa ya ci riba.

Dutse na huɗu ma'aikata na kiran sa Mai Santsi, suna ne nasu, ba za ka gan shi a taswira ba. Falalen dutse ne sumul, babu ciyawa babu itace. Ni da rarrafe na hau. Arzika ya cire takalma ya rataya a wuya, ya taka da tafin ƙafa yadda ya saba tafiya a jiƙaƙƙen bakin jirgi. Dutsen ya yi zafi kamar tanda, yana tafe yana ɗaga ƙafa kamar mai rawa, amma ko sau ɗaya bai zame ba.

Ƙarfe biyu da kwata, taku dubu ashirin da tara, muka gangaro wani busasshen rafi tsakanin dutse na huɗu da na biyar. Yashi ne fari fat. A nan muka tarar da Hammadu zaune da wasu mutum biyu. Su biyun ruwansu ya ƙare. Shi kuwa Hammadu ya zame a Mai Santsi, murfin gora ya fice, ruwa ya bi dutse. Ya tona yashi da hannu a wuri biyu, yadda makiyaya ke yi, bai sami ko laima ba. Tawa gorar ta biyu saura kwata. Mutum biyu, 'ya'yan maharba, sun yi nisa a gaba. Muna jin ƙarar jarkar Yusha'u tana saukowa.

Arzika ya tsaya a tsakiyar yashin, fuskarsa ta saki a karo na farko tun hantsi. Ya ce ai ga kogi. Hammadu ya ce kogin ya mutu tun watan jiya, a yi masa addu'a kawai.

Arzika bai kula shi ba. Ya kama gwangwala da hannu biyu ya fara bin rafin yana soka ta cikin yashi, yana murzawa, yana kasa kunne, ya zare ya matsa gaba. Daga baya ya bayyana mini cewa mai tura jirgi ba ya ganin ƙasan ruwa, sanda ce idonsa: ita ke gaya masa nan yashi ne, nan laka, nan dutse. Abin da yake nema shi ne inda dutse ya gitta a ƙarƙashin yashi ya tare ruwan da ke bin ƙasa. Na ƙirga, sau saba'in da huɗu ya soka. A wata kwana, kusa da itacen giyayya mai ɗanyen ganye, sandar ta shige har rabi. Ya zaro ta, bakin ya yi duhu. Ya manna shi a kumatunsa, ya durƙusa ya fara tono da ƙoƙo.

Muka taya shi da hannu, yashi na zubowa muna kwashewa. Minti talatin da biyar, zurfin kamu ɗaya da rabi, sai ga ruwa yana tsattsafowa. Ya kwashe na farko ya zubar har sau uku, ya jira ya kwanta. Ya cika ƙoƙo, maimakon ya kai baki sai ya miƙa wa Hammadu, don a gungunsu wanda ya tona ba shi ke fara sha ba.

"Karɓi, Jauro. Ka ce an yi wa mamaci addu'a ya tashi."

Hammadu ya shanye, ya ce daga yau ya daina zagin kifi. Muka sha, mu huɗu muka cika gorunanmu. Sai a lokacin na lura da abin da ya faru: Arzika ya tayar da mutum huɗu da ke neman aikin da yake nema, dukkanmu mun fi shi iya tafiyar ƙasa, kuma shi kaɗai ne ba shi da abin da zai ɗura ruwa a ciki. Ya sha ƙoƙo shida a jere don ya ishe shi, cikinsa ya yi nauyi. Na ce ya tashi mu tafi. Ya ce in yi gaba, yana nan tafe.

Duwatsu biyun ƙarshe ba sai na ba da labarinsu ba, ƙafafuna ne suka san su. 'Ya'yan maharban nan suka zo na ɗaya da na biyu. Hammadu na uku, ni na huɗu da taku dubu arba'in da shida da ɗari uku. Ɗaya daga cikin mutanen rafi ya zo na biyar. Minti goma sha ɗaya bayansa, ƙarfe shida da minti talatin da biyu, rana ta yi ja amma ba ta faɗi ba, muka hango bakin gwangwala yana lilo a saman ciyawa. Arzika ya iso na shida yana ɗingishi.

Da Yusha'u ya ƙaraso ya gaya wa Saje cewa jakinsa ya sha ruwa a wani rami a rafin bayan Mai Santsi. Saje ya ce ƙarya ne, shi da kansa ya sa an tona rafin nan shekara uku a jere ba a sami komai ba. Ya tara mu ya tambayi wa ya tona, su wa suka sha. Hammadu ya ce ruwan dai na Allah ne, ramin na Arzika. Saje ya ce doka ta ce ba mai shan ruwan wani. In ruwan na Arzika ne, to mutum uku cikin biyar sun fita, Arzika ya koma na uku. Ni ma ina cikin waɗanda za su fita. Saje ya juya ya dubi Arzika.

"Kai za ka faɗa. Ruwan naka ne?"

Kalma ɗaya ce tsakaninsa da kaki. Ya dube mu, ya dubi kumburarrun ƙafafunsa.

"Ranka shi daɗe, a wurinmu ruwan rafi ba shi da mai shi. Ni ƙofa kawai na buɗe mai."

Saje ya ce to shi ke nan, biyar ɗin suna nan yadda suke. Arzika ya ce Allah shi sa alheri, ya fara ɗaure sauran kifinsa, yana tambayar yaushe mota ke komawa bakin tabki. Saje ya bar shi har ya gama ɗauri, sannan ya ce da rani ma'aikatansa ba sa iya kwana a daji saboda ruwa, ɓarayin namun daji kuma sun san haka. Ban da wannan rafin akwai wasu huɗu busassu a kan hanyar. Jibi za su sake zagayen tare. In Arzika ya samo masa ruwa a biyu, zai rubuta wa ofis cewa mutum shida yake bukata, ba biyar ba.

"Wane zagaye? Wanga da na gama yanzu?"

"Shi."

Aikina na farko a kaki shi ne bin su da littafi da fensir. Hammadu ya ara wa Arzika gora, ya ɗaure murfin da igiya har ƙulli uku. A rafin farko Arzika ya soka sanda sau casa'in, ya ce babu, kada a ɓata ƙarfi. A na biyu muka tona, laka ce kawai mai ɗanshi. Ni kuwa na fara lissafin da ba na so. A na uku muka sami ruwa a zurfin kamu biyu. Na huɗu yana gindin dutse na shida, muka isa ƙarfe biyar, Arzika na tafiya kamar tsoho. Ya bi rafin sama, ya dawo ƙasa, ya sake komawa sama. A suka ta ɗari da goma sha biyu ya tsaya, ya murza sandar sau biyu, ya ce a nan. Ramin bai ko kai zurfin gwiwa ba sai ga ruwa.

Saje ya sha, ya wanke fuska, ya zauna a kan yashi ya ce in rubuta wurin da kyau, da itacen da ke kusa. Ya ce takardar za ta tafi gobe, kuma in ofis ya ja ƙafa shi da kansa zai bi ta. Arzika ya yi godiya, sannan ya tambaya a hankali ko yanzu ya gama da duwatsun nan.

"Duk sati biyu ake yin zagayen," in ji Saje.

Arzika ya kwanta rigingine a kan yashi yana dariya har da hawaye.

Amsar ofis ta zo bayan kwana goma sha tara, an ɗauke shi. Ni na rubuta masa wasiƙar da ya aika wa Mamuda cewa ba ya zuwa, kuma Inna na gaishe shi. Ya yi shekara talatin da biyu a aikin, ya aurar da 'ya'yansa duka a gaɓar Ngaski. In an cire damina da hutu da shekarar da gwiwa ta kwantar da shi, littafina ya nuna ya yi zagayen sau ɗari shida da huɗu. Da na karanta masa adadin ranar da ya ajiye aiki, cewa ya yi shi a jikinsa ya ji sun fi haka.